Da Baba Ya Kai Ƙarar Ɓeraye

Wata Talata ce da hantsi, cikin kakar shekarar da na shiga aji huɗu, ina durƙushe bakin murhu a gidanmu na Tudun Wada ina taya Inna mulmula ƙuli-ƙuli, sai muka ji murya daga zaure: "Salamu alaikum, duba-gari ne, mata a kimtsa!" Inna ta jawo mayafi da hannunta mai maiƙo tana murmushi, ta ce da ni, "Alhamdu lillahi, kukan Malam ya karɓu."

Jikin katangarmu akwai siton wani Alhaji mai sayen hatsi da ke zaune a Kwanar Dangora. Duk kaka yakan cika shi da buhunan masara, ya danna kwaɗo, ya tafi sai kaya sun yi tsada. Can ɓeraye suke kwana su hayayyafa, gidanmu kuma suke yini. Sun cinye irin gyaɗar Baba, sun huda tabarmi, har sabulun wanki ba su bari ba. Kullum da safe sai na karkaɗe kashinsu daga fayafayai, na sake wanke kwanukan da na wanke jiya, sannan in tafi makaranta a makare. Mun ɗana tarko, mun sa magani har kazarmu ta ci ta mutu. Ranar da suka ciji yatsan ƙanwata Ummi tana barcin rana, Baba ya hau kekensa ya kai ƙara ofishin lafiya.

Duba-garin ya shigo, dogo, cikin kaki, riƙe da tocila. Ko kallon katangar bai yi ba. Randarmu ya nufa, ya haska, ya shafo gansakuka da yatsa ya nuna mana. Ya leƙa bayan gida ya ce murfin salga ya tsage. Ya ce turken awaki ya yi kusa da madafa. Baba na biye da shi yana cewa, "Yallaɓai, ga ramukan nan, daga sito suke fitowa." Shi kuwa ya ce, "Malam, doka ta ce inda aka kawo ƙara, nan ake dubawa." Baba ya ce to in an gama a leƙa siton. Ya ce ba a shiga gini sai mai shi yana tsaye. Baba ya ce ai mai shi yana Kwanar Dangora. "To, sai ya zo ke nan," in ji shi. Daga nan ya hango kashin ɓera kusa da buhun gyaɗa, ya yanke cewa Inna ba za ta ƙara sayar da ƙuli-ƙuli ko mai ba sai gidan ya rabu da ɓera. Da ya fita, Inna ta dubi Baba ta ce, "Malam, wannan ka kirawo mana?" Da sana'ar nan take yi mana cefane.

Daga ranar wasa ya ƙare mini. Ƙawayena na ƙofar gida suna carafke suna kirana, ni ina cusa fasassun kwalabe cikin ramuka, yayana na liƙewa da laka. Mu toshe yau, gobe su ɓullo ta ƙarƙashin turmi. Duba-gari ya dawo, ya haska sabon rami, ya kaɗa kai ya tafi. Baba ya bi mota har Kwanar Dangora, Alhaji ya ba shi ruwa ya ce, "In Allah ya yarda ina nan tafe." Masu sayen ƙulinmu suka koma wani gida, da yawansu ba su dawo ba har abada.

Sai da bazara ta kusa, masara ta yi kuɗi, Alhaji ya zo da babbar mota. Ana cire kwaɗon nan ɓeraye suka kwararo kan hanya, yara na bin su da sanduna suna ihu. Buhunan ƙasa duk sun zama dusa. Alhaji ya yi salati, ya juyo yana nuna katangarmu: "Daga gidan mai ƙulin nan suke shigowa! Wallahi sai na kai ƙara!" Inna na jin sa daga tsakar gida. Ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi wa namiji ba, ta ce, "Don Allah Alhaji ka kai. Wajen mai ƙara ake dubawa."

Bai kai ba. Siton ya zama fanko, ɓeraye suka watse cikin unguwa, duba-gari ya zo ya ce gidanmu ya gyaru, har yana yaba wa kansa.

Yanzu ina haya a cikin birni, ɓerayen kwatarmu sun kusa kai kyanwa, kuma su ma yara suke cizo. Mun kai kuka, mun buga waya, an ce ana tafe, damina ta zo ta wuce ba mu ga kowa ba. Har yau haushin mutumin nan mai tocila bai sake ni ba. Amma ina kewar zamanin da in ka yi kuka, wani zai tako ya zo.