Baba Wakili, Wanda Muka Sanar da Rasuwarsa Sau Biyu

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris na shekarar 2004, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulhakim, wanda ƙauyukan bayan Karshi suka fi sani da Baba Wakili. Ya cika a ɗakinsa, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Da ɗansa Ishaya ya zo ya gaya mini, na yi salati, sai kuma na ji bakina ya ce, "Ishaya, kun ɗaga bargon kun duba?" Ya ce, "Mun duba, Anti, wannan karon yana ciki." Muka tsaya a ƙofar gida muna dariya muna hawaye. Wanda bai san tushen wannan tambaya ba zai ɗauka ba ni da tarbiyya, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta.

Baba, a ƙarshen shekarar 1991 aka ɗauko gwamnati daga Legas aka dire ta a Abuja. Cikin kayan da aka kwaso har da mijina Nuraddeen, ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikata, da ni Saudatu, da yaranmu biyu. An ce mana gidaje na jiranmu. Gidajen kam suna nan, rufi ne babu, masu rufin kuma manya sun riga sun shiga. Haka muka yi ta gangarowa muna neman wurin sa haƙarƙari har muka wuce Karshi, muka faɗo ƙauyenku. Ka dube mu, ka dubi katifarmu a ɗaure a kan mota, ka buɗe mana ɗaki biyu na kwano da ke bayan gidanka, masu kallon daji. Tun ranar ka laƙaba wa mijina suna Oga Legas, kuma har ka koma ga Allah ban ji ka kira shi da wani suna ba.

Ban zo ina son wurin ba, kai ma ka sani. Na raina hanyar, na raina ruwan rafin, na raina yadda kuke Hausa. Duk da haka ba a taɓa haƙo doya a gonarka ba tare da an aje mana namu a ƙofa ba. Da ka lura ina jin kunyar yin girki a fili, kai da kanka ka kewaye mini madafa da zana. Ranar da zazzaɓi ya kama ƙaramar 'yata mijina yana ofis, a keke ka goya ta zuwa asibitin Karshi, ina biye da ku da takalmi ɗaya. Matarka Mama Monica, wadda ba ta fashin coci kamar yadda ba ka fashin masallaci, ita ta koya mini daka sakwarar da ba ta da gudaji.

Sai ɓarayi suka shiga mana da rana tsaka, ina wajen awo. Suka ɗauke keken ɗinkina da rediyo da kwat ɗin da Nuraddeen ya yi aure da ita. Ranar na haɗa akwatina na girke shi a bakin ƙofa, na ce masa ya zaɓa: ko ya samar mana tsaro, ko in kwashi yarana mu koma Zariya gidan iyayena, shi ya zauna da gwamnatinsa. Da gaske nake yi, shi ma ya san da gaske nake. Akwatin ya daɗe a wurin, kowa ya shigo sai ya tsallake shi.

Mijina mutumin kirki ne, amma mutum ne da idan za a yanka kaza sai ya tuna yana da aiki a waje. Wannan bawan Allah shi ya yi ta sintiri har ya samo lasisi, ya shigo gida da bindiga a naɗe cikin zanen gado. Irin wadda ake kira fam-akshin ce, mai wani katako a ƙarƙashin bututun, wanda ake ja baya a tura gaba kafin harsashi ya hau. Duk ilimin da yake da shi a kanta ya samo shi ne wurin wani abokin aikinsa, Innocent, wanda ya koya masa harbi a ofis da laima. Innocent ya ce masa bindigar tana shuri, don haka ya manna gindinta a kafaɗa sosai. Nuraddeen ya yi nazari irin na masu ilimi, ya yanke cewa abin da ke shuri ba a manna shi a jiki, nesa da shi ake yi.

Ya zaɓi wata Asabar da ta zo daidai da ranar kasuwa, wai don kada ya dami kowa, tunda gari ya watse. Bai gaya maka ba, saboda a makon kana kwance da zazzaɓi, kowa ya san Mama Monica ta hana ka ko leƙa ƙofa. Ya ɗora tsohon bokiti a kan suri a bayan katangarka, ya cusa auduga a kunnuwansa har ta leƙo, ya ce in tsaya nesa da yara in ga yadda ake tsare gida.

Ya ja katakon ya tura, ta yi ƙara mai ban tsoro, na ga shi kansa ya firgita. Ya riƙe ta nesa da kafaɗa, ya rufe ido duka biyu, ya ja kunama. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, duwatsun bayan gari suka amsa. Da na buɗe ido sai na ga mijina zaune a ƙasa, hularsa a wani wuri, bishiyar gwandar Mama Monica kuma babu kai. Ya daɗe yana murza kafaɗa. Da ya ga ina kallonsa sai ya miƙe, ya sake jan katakon, kwanson harsashi ya yi tsalle ya fito, ya bi shi da gudu yana zaton wani abu ne ya ɓalle daga bindigar. Ya yi na biyu, ya sake zama ya huta. Ya yi na uku don kada a ce ya ji tsoro. Bokitin nan, Baba, mun ƙara shekaru muna ɗibar ruwa da shi, ko ɗigo ba ya yi.

Abin da ba mu sani ba, kuma babu wanda ya ga dalilin gaya wa baƙi, shi ne a ƙauyenku idan dattijo ya rasu, ko Musulmi ne ko Kirista, a bayan gidansa ake harba bindiga sau uku, ana hutawa tsakanin kowace. Hutun da kafaɗar mijina ta nema ya zo daidai da na al'ada, kamar an koya masa.

Ba mu gama mayar da bindigar ƙarƙashin gado ba muka ji kuka yana tahowa daga hanyar kasuwa. Mama Monica ce a gaba, ta yar da kayan da ta ɗauko a kafaɗa, mata na riƙe da ita. Aka leƙa ɗakinka, aka ga mutum a miƙe an lulluɓe shi da bargo har kai, kuka ya ƙaru. Ba wanda ya shiga, domin a wurinku ɗan'uwan mamaci ne ke fara buɗe fuskarsa, ɗan'uwanka kuwa ɗaya ne, ƙanenka Baba Jonah, wanda kuka yi shekaru ba ku ga-maciji saboda rikicin iyakar gona. Aka tura a kira shi. Kafin ya iso samari sun kama haƙan kabari, liman ya zo, fasto ya zo, an ɗora tukwane.

Nuraddeen ya fito da hannu ɗaya a saɓule, audugar tana kunnensa, ya zauna cikin maza yana kuka tsakani da Allah, don yana ƙaunarka. Da ya tuna ya cire audugar, ya tambayi na kusa da shi yaushe abin ya faru. Mutumin ya ce, "Oga, kai ba ka ji bindiga ba?" Ina hango shi daga cikin mata. Na ga kukan ya tsaya masa cak, ya juyo yana nemana da ido, ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da jajjaga albasa.

Kai kuwa ashe tun da sassafe ka ji sauƙi, ka jera matasan kai a gado ka rufe su da bargo don Mama Monica, ka sulale gonarka ta bakin rafi. A can ka ji harbin. Ka lissafa dattawan da ke ɓangaren gidanku, ka ga ku biyu ne, kai kuma ga ka tsaye da fartanya. Sai ka yar da ita ka kamo hanya kana kiran sunan Jonah. Shi kuma ya taho ta ɗaya hanyar yana kuka yana cewa yayansa ya tafi ba su shirya ba. A ƙofar gida kuka yi kiciɓis, kowa yana makokin ɗan'uwansa. Mata suka watse, liman ya ja da baya yana addu'a, fasto ya riga kowa kaiwa bakin hanya. Ku biyu kuka tsaya kuna kallon juna, sannan Baba Jonah ya taɓa fuskarka, ya rungume ka, kuka zube ƙasa tare. Ba na jin yarenku a lokacin, amma na gane duk abin da kuka ce.

Bayan murna sai fushi, kuma fushin yana da hujja. Mama Monica ta suma sau biyu a ranar, an tashi kasuwa, an haƙa kabarin mai rai, abin da tsofaffi suka ce mugun fata ne. Samari suka ce baƙon da ya yi wannan ba zai kwana a garin ba. Aka zaunar da mijina a tsakiyar fili, bindigar a gabansa. Ni da na yi watanni da akwati a bakin ƙofa, sai ga ni ina roƙon Allah a zuciyata kada a kore mu. A ranar na ga yadda gari guda ya bar cinikinsa ya rugo saboda mutum ɗaya, na san ban taɓa zama a wuri irin wannan ba, kuma ba na son barinsa.

Ka bar kowa ya gama, sannan ka ce, "Oga Legas, wannan bindiga naka, ɓarawo nawa ya kashe?" Ya ce ko ɗaya. Ka ce, "To ni kaɗai ya kashe, da gwandan Monica." Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Ka ce kai ba ka da ƙara, domin yau ka ga waɗanda za su zo jana'izarka, ka ga wanda ya fara tambayar inda akuyarka take, kuma ka samu ƙanenka. Ka ce ramin da aka haƙa ba za a yi asararsa ba, a dasa mangwaro a ciki. Sannan ka juyo kan mijina ka yanke masa hukunci: "Ba za ka tafi ko'ina ba. Kai ka fara wannan aiki, kai za ka gama shi. Ranar da na mutu na gaskiya, kai za ka buga. Kafin nan kar na sake jin shi. In ɓarawo ya zo, madam ya buga turmi, mu za mu zo."

Da yamma aka cinye abincin makokinka, kai ka fi kowa ci. Na shiga ɗaki na kwance akwatina. Tun daga ranar babu wanda bai san gidan Oga Legas ba, yara har waƙa suka yi masa, kuma ko tsinke ba a sake ɗaukar mana ba. Da aka ba mu gidan gwamnati daga baya, mai rufi, muka je muka duba muka dawo, muka yi gini a filin da ka yanka mana. Duk shekara Nuraddeen yana sabunta lasisi, yana goge bindigar da mai, yana mayar da ita. Kai kuma duk sanda kuka haɗu sai ka taɓa kafaɗarsa ka ce, "Oga Legas, kana firatis? Kar ka ba ni kunya."

Bai ba ka kunya ba, Baba. Ranar Talata Baba Jonah ya shiga ya buɗe fuskarka, ya fito ya kama hannun mijina ya kai shi bayan gida, gindin mangwaron nan da yanzu ya fi ɗakinka tsayi. Nuraddeen bai sa auduga ba. Ya manna ta a kafaɗa sosai, ya ɗaga bakinta sama, ya harba sau uku yana hutawa a tsakani, bai ko girgiza ba, hawaye ne kawai ke zuba a kan katakon. Da ƙarar ta lafa na lura ba ni kaɗai ba ce na juya ina kallon hanyar rafi. Mama Monica ma can take kallo. Mun daɗe a haka, ba wanda ya taho.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Monica, da Baba Jonah, da Ishaya da 'yan'uwansa, da jikoki, da dukan mutanen gari na masallaci da na coci. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu tare da ku, don mu ma uba muka rasa. Ya Allah Ka gafarta wa bawanKa Abdulhakim, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Mun zo masa baƙi, muka tayar masa da gari, ya ce ba za mu tafi ko'ina ba. Ya Allah, yau shi ne baƙo a wurinKa, Ka karɓe shi kamar yadda ya karɓe mu. Amin.