Wanda Ya Zauna a Bayan Malama Sadiƙa

"Kin ji ɗan Malama ya sake faɗuwa?"

"Wace Malama?"

"Malamai mata nawa ag garin ga masu Turanci? Sadiƙa mana."

"Haba! Mi yaf faɗi?"

"Turancin."

"Ke dai ji tsoron Allah. Matar da tas sa Nuriyya tawa tac ci kiredit, yarinyar da ko sunanta anka tambaye ta sai ta yi tunani?"

"Wallahi. Lissahi ya ci, kimiyya ya ci, Turanci kaɗai yak kayar da shi. Karo na biyu ke nan."

"Shina zuwa darasin kuwa?"

"Kullum shina can. Ni dai ban taɓa jin ta tambaye shi komi ba. Ɗan hwari na, kin sani."

"Awo, to. Miƙo min bokitin ga."

Mata biyu ne a bakin famfon da ke jikin katangar gidan, ba su san Malama Sadiƙa tana zaune daga ciki tana tsintar shinkafa ba. Ta ji komai. Ba ta yi tari don su san da ita ba, ta dai ci gaba da tura tsakuwa gefen faifai har suka ɗauki ruwansu suka wuce.

A Sabon Birni ba a tambayar gidan Malama Sadiƙa. In la'asar ta yi, sai mutum ya bi yara masu riƙe da tabarmi. 'Yar Alkalawa ce, ɗiyar manomi, a Isa ta yi sakandare, a Sakkwato ta koyi aikin malanta. Tana can tana karatu ta haifi ɗanta na fari, aka sa masa Lawwali. Da aka yaye shi, uwar mijinta, Iya Bara'atu, ta goya shi ta tafi da shi Gatawa, kamar yadda ake yi. Ba wanda ya ga abin magana. Ita ma Sadiƙa ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta tarar: ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ta je Gatawa da tsaraba, sai ta ajiye a gaban tsohuwa ta ce, "Ga wannan, ko akwai mai so." Mata na yaba ta. Ana cewa boko bai ɓata ta ba, kuma tana jin daɗin hakan, ba ta taɓa ɓoye wa kanta ba.

Da safe tana koyarwa a makarantar 'yan mata. Da yamma kuwa tsakar gidanta ne ajin, na masu shirin jarrabawar fita sakandare, maza a dama, mata a hagu. Ta daɗe da gane inda yaran garin ke zubewa: sashen kalmomi, inda za a ba ka kalma a ce nemo mai ma'ana irin tata, ko mai kishiyar ma'ana, ko a jefo maka wata maganar Turawa a ce fassara. Sai ta raɗa wa kalmomin sunaye. Masu ma'ana ɗaya 'yan'uwa ne. Masu saɓani abokan gaba. Maganganun da ba a gane su daga fuska kuwa, masu lulluɓi.

Ba ta ɓata baki wajen faɗin wanda take nema. Tana zaune kan kujerar tsuguno, hannunta a gaban ƙirji. In ta buɗe tafi sama, ɗan'uwa take so. In ta kife shi, abokin gaba. Sai ta kira suna, ta jefa kalma, kuma da gangan take cakuɗa su, don ta ce jarrabawa ba ta yi wa kowa sallama.

"Anas! *Scarce.*" Tafi a kife.

"*Plentiful*, Malama."

"Allah shi yi maka albarka, yau ka ci abinci. Khadijatu, bar kallon akuya, ba ita za ta rubuta miki ba. *Obstinate.*" Tafi a buɗe.

"*Stubborn.*"

"Kamar wa?"

"Kamar Anas, Malama."

Ranar da ta koya musu cewa in Bature ya ce mutum na bugun gefen daji, kewaye-kewaye yake nufi, Anas ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, wanga Bature bai san dajinmu ba. Shi zo shi buga mu gani." Aka yi dariya, irin wadda ba ta daɗewa, domin rabin masu zaune a tabarmin nan dajin ne ya koro iyayensu zuwa cikin gari.

Dajin ne kuma ya dawo mata da ɗanta. Shekarar da hare-haren 'yan bindiga suka yi tsanani a Gatawa, Iya Bara'atu ta iso a bayan mota da ƙullin kayanta da saurayi dogo mai gashin baki. Makarantarsu ta sha rufewa, karatunsa duk giɓi ne, amma kansa na ja. Burinsa ɗaya, ya shiga makarantar koyon aikin lafiya, ita kuwa ba ta karɓar wanda bai ci Turanci ba. Ya ƙarasa sakandare a Sabon Birni, yana kabu-kabu da mashin ɗin ubansa bayan an tashi.

Ran da ya fara zuwa darasin, ya tsaya a bakin zaure yana duban tabarmi. Ya san in ya zauna a gabanta ya takura ta. Sai ya jawo bulo ya zauna a ƙofar zauren, daidai bayan kujerarta, inda ba abin da yake gani sai faɗin hijabinta. Ita kuwa ta ji sanyi a ranta. Ta ce a zuci, yaron nan Iya ta yi masa tarbiyya.

Nan ya zama wurinsa. Yakan iso an riga an fara, da ƙurar hanya a ƙafarsa, ya tashi kafin a ƙare don ya kama fasinjan magariba. Tana jin shigowarsa, tana jin motsin leɓensa yana maimaita kalmomi a bayanta. Zagayen suna yakan bi kowa, ya kai kan na ƙarshe a tabarma, ya dawo farko. Da wane baki za ta ce "Lawwali" a gaban yaran mutane? In abu ya zama dole, sai ta bi ta kan ƙanwarsa Mardiyya, wadda ita ma take cikin masu shirin jarrabawar: "Gaya ma yayanki a riƙa zuwa da wuri." Da ya faɗi karon farko ta ce giɓin Gatawa ne. Ta ƙara ɗaga murya a darasi don na baya ya ji da kyau. Iyakar abin da ta yi ke nan.

Yanzu ga na biyu. A yammacin ranar da matan famfo suka yi maganarsu, mijinta Malam Abdurra'uf ya zauna yana wanke hannu bayan cin abinci, ya ce, "Na yi magana da Hamza."

Hamza ƙanensa ne, mai kai kaya Nijar yana dawowa da wasu.

"Ran kasuwa za su tashi tare. Yaro ya gwada sau biyu, Allah bai nuhwa ba. Shi koyi hwatauci."

"Ba a ruhe rajistar jarrabawar 'yan waje ba," in ji ta. "Akwai ta ƙarshen shekara."

"Sadiƙa, ke am malamar. In da mai gyaruwa na, ai da kin gyara."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ta kwashe kwanuka.

Washegari ba makaranta, da hantsi tana wanki a bayan ɗaki, Lawwali yana wanke mashin a tsakar gida, Mardiyya na zaune kan turmi tana tsokanarsa.

"Alhaji ɗan kasuwa! In ka je Maraɗi da Faransanci za ka faɗi kuma?"

"Ke, za ni watsa miki ruwan ga."

"To tsaya in gwada ka. *Frugal.*"

"*Extravagant*," ya amsa tun ba ta rufe baki ba.

"Ɗan'uwa ko abokin gaba?"

"Ɗan'uwa mana. Da farkon darasi anka yi shi, na riƙe."

"Farkon darasi kuma? Mi yah haɗa shi da farko?"

"Ba haka a kai ba? Kahin hutun shan ruwa 'yan'uwa, bayan an sha ruwa abokan gaba. Haka malaminmu na Gatawa ka yi, ɗaya shi ƙare kana a shiga ɗaya."

Mardiyya ta tuntsire da dariya har ta kusa faɗowa daga turmin. "Yaya! A nan Mama kihe hannu tay yi!"

Ya ɗago da soso a hannunsa, ruwa na zuba ta gwiwar hannu.

"Wane hannu?"

Malama Sadiƙa ta saki zanen da take matsewa cikin baho. Mardiyya ta daina dariya. Ta nuna masa, tafi sama, tafi ƙasa. Ya daɗe yana kallon hannun ƙanwarsa. Sai ta shiga jefa masa kalmomi a hankali, yana amsawa ba gargada, kowace kalma da abokiyar tafiyarta, babu wadda ya manta. Ya haddace su kaf, fiye da duk wanda ke zama a tabarma. Abin da bai sani ba kawai, wace ce 'yar'uwa, wace ce abokiyar gaba. Ya yi ta ɗora su bisa ga lokacin shan ruwa.

"To," ya ce daga ƙarshe, ya yi 'yar dariya. "Ashe haka na." Ya koma kan wankin tayarsa.

Malama Sadiƙa ba ta yaudari kanta cewa wannan kaɗai ya kayar da shi ba. Akwai rubutun insha'i, akwai fahimtar labari, kuma ba ta taɓa karɓar takardarsa ta duba ba balle ta san yadda yake a can. Amma tambaya ɗaya, ɗaya tak, a kowace yamma cikin yammacin nan masu yawa, da ta tona wannan. Ta gyara wa Nuriyya abin da ya fi haka wuya. Ta bi Anas har shagon ubansa saboda ya yi fashin darasi na mako guda.

Ta shanya kayan, ta shiga ɗakin Iya Bara'atu ta durƙusa. Tsohuwar na ɓarar gyaɗa. Ta faɗa mata abin da ta ji, ba tare da ta ambaci suna ba, "yaron nan" take ta cewa.

Iya ta saurara har ƙarshe. "Ni ban san Turanci ba," ta ce. "Amma kullum in ya dawo ina tambaya tai, yau mi uwarka tac ce maka? Shi ce, Iya, mutane da yawa, ba a kai gare ni ba."

"Iya, kin san yadda abin yake. Ɗan hwari..."

"Na sani, ni ma na yi. Uban yaron ga har yau ban kira sunanai ba." Ta watsa ɓawo a kwando. "Amma ni ba ni da abin da shika nema ga bakina. Ke kina da shi."

Sadiƙa ta sunkuyar da kai.

"In kin kira shi mata za su yi magana," in ji tsohuwar. "Ni ma sai na ji wani iri, ba ni ɓoye miki. To yanzu da ba ki kira ba, sun yi shiru?"

Kwanakin da suka rage kafin kasuwa ta yi su tana shiri a zuci. Ta gwada sunan a madafa ita kaɗai, ya maƙale. Ta ce bari ta aiki Mardiyya, sai ta tuna aike ne ya kawo su nan. Darasi ya ci gaba da la'asar, bulon na nan a ƙofar zaure, ba kowa a kansa. Rannan sau biyu tana kife hannu alhali ɗan'uwa take nufi, har Khadijatu ta ce, "Malama, lahiya?"

Ran kasuwa da safe Hamza ya iso da motarsa ya tsaya a bakin layi yana danna ham. Malam Abdurra'uf ya riga ya fita suna gaisawa. Lawwali ya shiga ya yi wa Iya sallama, ya fito da jaka a kafaɗa. Ya zo daidai ƙofar madafa ya rage tsawo, idonsa a ƙasa, ya faɗa wa iska kamar yadda suka saba, "Za ni tahiya."

Abin da aka saba shi ne ta ce wa tukunya Allah ya kiyaye hanya. Ya jira kaɗan. Da bai ji komai ba ya miƙe ya nufi zaure. Ta bi bayansa da kallo, ta ga yadda yake ɗan karkata kafaɗar hagu irin ta ubanta, abin da ba ta taɓa tsayawa ta lura da shi ba. Mai yiwuwa ya ƙi. Mai yiwuwa uban ya ƙi. Shekarun nan biyu kuwa ba mai dawo masa da su.

Ta fito da muciya a hannu. A bakin famfo akwai mata, tana jin ƙarar bokitansu ta kan katanga. Mardiyya na tsaye da tsintsiya, Iya ta ɗaga labule.

"Lawwali."

Muryar ta fito kamar ba tata ba. Bokitan waje suka yi tsit. Ya tsaya a ƙofar zauren, kusa da bulonsa, bai juyo ba.

"Lawwali, don Allah aje jakar ga. Hita ka ce ma baffanka shi yi haƙuri shi ba mu zuwa ƙarshen shekara, ubanka ni za ni yi mai magana. Kana ka ɗauko tabarma ka zo nan gabana ka zauna, inda za ka ga hannuna."