Ɗigon Fenti a Bakin Libarba

Shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, gyaran agogo nake yi a wani ɗan shago kusa da tsohuwar kasuwar Sakkwato. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya ɗaura agogo, har da wanda in ka tambaye shi lokaci sai ya miƙo maka hannu ka duba da kanka. Soja ke mulki. Ɗan fashi in an kama shi, a jikin duro ake ɗaure shi a harbe jama'a na kallo, kuma ana cewa wanda ya taimaka masa ma ba ya tsira. Sau ɗaya na je kallon, na yi kwana uku tuwo bai yi mini daɗi ba.

Mijin yayata, Alhaji, fataucin atamfa yake yi ta hanyar Illela. Cikin shekara biyu ya tashi daga keke ya hau mota, ya gina gida a Runjin Sambo. Ni kuwa mutum ne da in na ga arziki ya zo da gudu sai na leƙa bayansa. Ban taɓa kama shi da komai ba, amma ban yarda da shi ba.

Wata rana bayan azahar ya shigo shagon, ya ja ƙofa da kansa, ya zaro wani abu naɗe da hankici daga aljihun 'yar cikinsa. Libarba ce, ƙaramar bindiga mai cin harsashi shida. Ya nuna mini ɗan ƙarfen da ke tsaye a bakinta, wanda ake saiti da shi.

"Ƙanena, abin ga da kaka sa ma hannun agogo shi riƙa haske cikin duhu, shi nika so ka ɗiga mani nan."

Na ce, "Alhaji, wa za ka halbi cikin duhu?"

Ya ce kafin asuba yake fita, kuma sau biyu ke nan ana gitta masa itace a hanya ana sauke kayansa. Na tambaye shi lasin, ya yi dariya, wai takardar tana hannun wani a ofis, ta kusa fitowa. A makon nan kuma an fasa wani kanti a Sabon Gari an kashe mai gadi, ana ta cewa ɗaya daga cikin 'yan fashin dogo ne mai babbar riga. Rabin mazan Sakkwato dogaye ne masu babbar riga, na sani, amma wanda ke gabana shi ne mai bindiga. Tsoro ya kama ni sosai. In ya kashe wani da wannan ɗigo, aikin mai agogo ba ya ɓuya, ni ma duro zan sha.

Ƙin yi masa kai tsaye bai yiwu ba. Mijin yayata ne, kuma in shi ne wanda nake zato, ai ba mutumin da za ka ɓata wa rai a rufaffen shago ba ne.

Fentin iri biyu gare ni a aljihun tebur. Akwai tsohuwar kwalba da na samu wurin wani Balarabe Kwara mai sayar da agogo a Kano, ita da kanta take haske, ko ta shekara a rufe. Akwai kuma sabuwa mai araha, wadda sai ta sha rana ko fitila take yin haske na ɗan lokaci, sannan ta mutu. Na dubi aljihun da bindigar ke kwana, inda rana ba ta taɓa leƙawa, sai na ɗauko sabuwar. A raina na ce in ya zaro ta a kan wani bawan Allah, ba da idona zai yi saiti ba.

Na sa shi ya zazzage harsasan a kan tebur. Na goge ɗan ƙarfen da fetur, na ɗan kankare shi da zarto don fenti ya kama, na ɗiga fari, da ya bushe na ɗora mai hasken da bakin allura. Na ajiye ta ƙarƙashin fitilar aikina wai don ta bushe, alhali cika ta nake yi. Sannan muka tura kawunanmu cikin babbar rigarsa mu biyu, manya da gemu, muna kallon ɗigo kore yana ƙyalli. Ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina lura da inda yatsansa yake.

Bayan mako guda ya dawo ya ce abin ya mutu. Na ce masa ai sai yana shan rana. Ya tambaye ni ko babu irin wanda ba ya buƙatar rana, na ce babu, ina tura aljihun tebur da gwiwa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi sallama.

Alhaji mutum ne mai bin umarnin mai sana'a. Kullum da hantsi sai Yaya ta hau soro ta shanya bindigar a faifai, tsakanin kuɓewa da barkono. Abin da suka manta shi ne maƙwabcinsu ya ɗora bene, tagarsa tana kallon rufin nan. Ba a yi wata ɗaya ba 'yan sanda da soja suka zo da rana tsaka suka tafi da shi, da faifan, har da kuɓewar.

Daga nan zargina ya koma wata fuska. Na tabbata zai faɗi sunana, don in ni ne da na faɗa tun marin farko. Duk baƙon da ya kawo agogo sai in dubi takalminsa in ga ko na gwamnati ne. Wani dattijo ya tambaye ni ko ina sabunta hasken hannun agogo, na rantse masa ban taɓa ganin irin fentin ba. Gidan Yaya ma na daina zuwa, ina kewaya unguwar in bi wata hanya zuwa gidana a Unguwar Rogo.

Ba wanda ya zo. An kama waɗanda suka fasa kantin Sabon Gari, babu Alhaji a ciki. Direbobi suka ba da shaida cewa da gaske an tare shi sau biyu. Laifin riƙe bindiga ba lasin ya rage, aka ɗaure shi shekaru, mota ta tafi, fatauci ya mutu. Daga baya Yaya ta gaya mini 'yan sanda sun yi kwanaki suna dukansa a kan ɗigon nan, suna son sanin wanda ya sa. Ya nace shi ya kankaro daga agogonsa ya manna da tsinken tsintsiya. Kunya ta hana ni ɗaga kai, kuma ko a ranar ban gaya mata zancen kwalba biyu ba.

Da ya fito, rigar ta yi masa yawa. Ya zo shagon da agogonsa da ya tsaya, ya zauna a bencin da ya saba. Na ja aljihun tebur zan ɗauko hantsaki, sai ga tsohuwar kwalbar can ciki tana haskenta. Na yi wuf zan rufe, ya ɗaga mini hannu.

"Bar ta, ƙanena. Tun ran da nid dawo nig gane ta, kana rufe ta da gwiwa."

Ya turo mini agogon, ya ce in taimaka in duba masa, yana so ya sami la'asar cikin jam'i. Sau uku ina ɗora wuƙar buɗe murfi tana zamewa.