In Ka Tarar da Tabarmi a Ƙofa Fa?

Shekara bakwai ke nan da aka kai yayana Issaka makwancinsa a Salaga. Duk shekara nakan tuna shi da addu'a hankali kwance, amma bana na kasa zaune na kasa tsaye, kuma ba zan ɓoye dalili ba.

Yaya fataucin doya yake yi. Yakan tura doya Bawku wurin amininsa Alhaji Mumuni, a loda masa albasa a dawo. Tun kakanninmu na zamanin fataucin goro gidajen biyu suke tare. Ni ƙanwarsa ina aure a Yendi, tsakiyar hanya, lorin kan tsaya ƙofata a sha ruwa.

Wanda ya san Yaya ya san azabar aikensa. Ba zai sallame ka ba sai ka maimaita saƙon, sa'an nan ya hau tambaya. In ka tarar ba ya gida fa? In ɗansa ne a rumfa fa? In ka tarar da tabarmi a ƙofa da takalma birjik fa? Amsar wannan ta ƙarshe kowa ya haddace ta: ka cire takalmi, ka yi ta'aziyya, ka juyo da saƙonka a ciki. Ni kam nakan ce masa, "Haba Yaya, kafin ka gama tambaya ai doyar ta tsiro!" Sai ya yi murmushi ya ci gaba da abinsa.

Da ya rasu cinikin ya dawo hannuna. 'Yarsa Rakiya kuma ta yi karatun kwamfuta, ta sami aiki a wani kamfani mai yin ɗan aike na cikin waya. Na'ura ce mai basira, kana faɗa mata buƙatarka ta zaɓi abin da za ta yi da kanta: neman lori, tambayar farashi, tura saƙo. Kowane aiki da ɗan bayaninsa a rubuce, shi na'urar take karantawa ta san yaushe za ta yi shi. Aikin Rakiya shi ne gwada bayanan nan, ta ga ko suna kai ɗan aiken inda ya kamata. Ta sa mini shi a waya, ta ce, "Gwaggo, wannan na gwada shi, ba ya kuskure."

Watan jiya matar Alhaji Mumuni ta rasu. Sanarwar ta shigo wayata ina kasuwa, ban duba ba. Da safen ranar na riga na ce wa ɗan aiken ya jiyo mini farashin albasa. Ya kuwa tura wa Alhaji, da sunan gidanmu, mutum yana zaune a kan tabarmar makoki: nawa buhu yake yau? Da ya ji shiru, washegari ya sake turawa.

Wallahi sai daga baya na gane. Na kira Rakiya ina faɗa. Ta ce, "Gwaggo, bai saɓa bayanin ba. An rubuta masa ya tambayi farashi in an buƙata. Ba a rubuta masa lokacin da zai kama bakinsa ba, ni kuma ban gwada wannan ba."

Na kama hanyar Bawku. Tafiyar nan ban san yadda na yi ta ba, ina ta juya abin da zan ce. Alhaji ya karɓi ta'aziyyata yadda ya kamata, ya sa aka kawo mini ruwa. Ban ga fushi a fuskarsa ba, kuma da fushin na gani da ya fi mini sauƙi. Da zan tashi ya ce, "Hajiya, ni na yi wa Issaka salla da kaina. Amma sai ranar da saƙon nan ya shigo na tabbata ya mutu."

Har yau maganar tana cina. Me Yaya zai ce da wannan zamani? Ba na jin zai ƙi na'urar, mutum ne mai son sabon abu, shi ya fara riƙe waya a layinmu. Zaunar da ita zai yi, ya ce ta maimaita, ya tambaye ta har ta gaji, in tana gajiya. Mu kuwa mun ga tana da sauri, muka sallame ta ba tambaya.

Lokacin albasa ya matso, Alhaji bai ce zai aiko ba, bai ce ba zai aiko ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Ran Juma'a Rakiya ta zo Yendi ta zauna a tsakar gidana da kwamfutarta, tana sake gwajin tun daga farko. Ina tankaɗe na ji tana karanta wa na'urar abin da take rubutawa, da irin jan muryar nan na ubanta da na sani: "In ka tarar an yi rasuwa a gidan fa?" Na ajiye rariyar na shiga ɗaki, don kada ta ga idona.

Allah Ya jiƙan Yaya Issaka, Ya haskaka kabarinsa.