Rumfar Maigidana a Kasuwar Batsari

Sa ne ya soki maigidana a cinya, shekarar da na haifi ɗiyata ta biyu. Shi mahauci ne a kasuwar Batsari, ya kayar da shanun da ba su ƙirguwa, amma ran nan igiya ta kuɓuce wa masu riƙo. Muka yi ta maganin gida har ƙafar ta kumbura ta fara wari, sannan aka ɗora shi saman buhunan gyaɗa a lori, ni da goyo a gefensa, sai asibitin Katsina.

Likitan Bature ne, dogo, wuyansa ja kamar na zakara. Ta bakin tafinta ya gaya mini idan muka zauna ya gama aikinsa, mai yiwuwa a tsira da mutum da ƙafa. Idan muka tafi, ko ɗaya ba za a samu ba. Na ce za mu zauna. Faɗar ba ta da wuya, amma a birni itace na kuɗi ne, ruwa na kuɗi ne, ɗan ɗakin da nake kwana ma na kuɗi ne. Akuyata ta tafi, tasoshin aurena suka bi ta.

Maigidan yana kallon komai daga kan gado, shi da bai taɓa cin abin hannun wani ba. Sai ya daina cin abinci. In na kawo kunu ya juya fuska ga bango.

"Ki maida ni gida," in ji shi. "In mutuwa ce in yi ta ɗakina. Ba ni cinye ku da raina sannan in bar ku."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, duk a banza. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san halinsa, in ya kafe ko jaki ya san da zamansa.

Ana cikin haka direban lorin garinmu ya shigo da ƙunshin ganye. Na kwance, kilishi ne, a ƙarƙashinsa sulalla ɗaure cikin tsumma. Ya ce daga taubashin maigidan ne, ɗan kawunsa, shi ma mahauci, wanda ya taso daga Safana ya kafa rumfa daura da tamu. Tunda nake ban taɓa jin sun yi gaisuwar arziki ba. Wancan ya ce wa maigidan "bawana" na wasan taubasai, tunda nawa ɗan mace ne, nawa ya ce masa mai sayar da jijiya. Direban ya sosa ƙeya ya ce akwai saƙon baki, amma shi ɗan aike ne, kada a ga laifinsa.

"Ya ce in gaya maka ya gaje rumfarka. Wai inuwarta ta fi tashi. Ya ce ka kwanta abinka, kada ka yi gaggawar tashi, wuƙarka ma ta saba da hannunshi."

Na so in watsa wa direban kunun nan. Amma sai na ga mutumin da ko kai ba ya iya ɗagawa ya dogara da gwiwar hannu ya tashi zaune, idanu jawur.

"Wuƙata? Wannan da bai san gaɓar akuya ba? Miƙo mani kunun nan!"

Ya shanye, ya nemi ƙari.

Daga nan duk bayan kasuwa ƙunshi zai iso, da sulallansa da zaginsa. Wani mako a ce masu sayen nama sun ce sai yanzu suka san daɗin tsoka. Wani mako a ce in na gaji da jinyar gurgu in dawo, akwai ɗaki. Maigidan ya yi ta huci yana cin tuwo, yana shirya amsar da direba zai kai. Ni kuwa da kuɗin nake sayen hatsi da itace, nake biyan ɗaki. Har 'yan jinyar gadon kusa suka riƙa jiran ranar lori don su sha dariya.

Da kaka muka je, sai da aka fara sharar gona aka sallame mu. Ƙafar ta tsira, sai dai ɗingishi da ya bi shi har kabari. Ranar kasuwar farko ya ɗauki sanda ya ce zai je ya kori ɓarawo. Na kasa zama, na yafa zane na bi bayansa daga nesa, na laɓe wajen masu daddawa.

Rumfarmu na nan an yi mata sabon jinka, nama a rataye, taubashin a tsaye da wuƙar maigidan. Sai maigidan ya waiwaya daura. Inda rumfar taubashin take babu komai sai turaku biyu da wata tsohuwa mai sayar da kuka. Sarkin fawa ne ya matso ya gaya masa a hankali: mutum ɗaya ba ya tsayuwa rumfa biyu, wurin da aka bari fanko kuma ba a daɗewa ake ba wani. Taubashin kuwa tasa ya zaɓa ya bari. Sauran mahauta kowa kan yanko tsoka ya ajiye a tamu in ya yi yanka, taubashin ya sayar, ya ɗaure kuɗin a tsumma.

Maigidan ya juyo ya dubi taubashin.

"Kai wane irin wawa ne?" ya ce. "Ina za ka tsaya yanzu?"

Taubashin ya goge wuƙar a gefen riga, ya miƙa masa ta wajen ƙota.

"In bar bawana shi mutu, wa za ya share mani ƙofar gida? Matsa can, gurgu, rumfar ta ishe mu."

A rumfa ɗaya suka tsufa, suna zagin juna. Ni dai tun daga ranar, in na kwashe tuwo, kwanon taubashin nake fara cikawa kafin na maigidan.