Ɗakin Kwanon da Na Gina wa Mahaifiyata

A shekarun da zan ba da labarinsu ni direban babbar mota ne tsakanin Nguru da Gashuwa. Nakan ɗauko gishiri da kananzir da atamfa daga tashar jirgin ƙasa, in komo da gyaɗa da fatu da busasshen kifi. Direbobi ba su da yawa a lokacin, ni kuwa ina ji da kaina ƙwarai, tafiyata ma ta daban ce. Mahaifiyata tana Gashuwa a gidan da mahaifina ya rasu ya bari, ita da ƙanwarta. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka akwai kunya tsakaninmu irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni. In tana da magana sai ta juya wajen ƙanwarta ta faɗa, ni ina durƙushe a bakin ƙofa ina ji, kamar ba da ni ake ba.

Ɗakinta na ƙasa ne mai jinka, ga tsamiya ta yi masa inuwa. A Nguru nakan ga gidajen ma'aikatan jirgi da rufin kwano yana walƙiya, sai na ƙudura cewa uwata ma sai ta kwana a ƙarƙashin irinsa. Na yi dakon kwanon da kaina, na sa aka gina mata sabon ɗaki a tsakar gida. Maginin, wani dattijo mai yawan magana, ya ba ni shawara a ƙara wa bangon tsawo, a bar taga biyu masu kallon juna, a kuma shimfiɗa asabari a ƙarƙashin rufin. Na ƙi duka. Na ce taga ƙofar ɓarawo ce, asabari kuma zai rufe kwanon, alhali so nake duk wadda ta shigo gaishe ta ta ɗaga kai ta gani. Reshen tsamiyar da ya miƙo ta wajen ma na sa aka sare, wai kada ganye ya sa tsatsa. Tsohon ɗakin aka rushe shi. Lokacin sanyi ne aka gama, mata suka yi ta zuwa kallo, aka yi ta sa mini albarka.

Sai bazara ta shigo, kuma a shekarar azumi ya faɗo a tsakiyarta. Ni aikina in iso gari da yamma lis, in tashi da sassafe, don haka ban taɓa sanin ɗakin ba sai a lokacin da ya huce. Yanzu da nake tunawa, ta gaya mini, ta hanyar da ta iya. Wata rana ina gaishe ta ta ce wa ƙanwarta man shanun da ke ƙwarya ya daina daskarewa. Wata rana ta ce ruwan randa ya zama kamar na wanka. Ta kuma taɓa cewa kazar da ke yin ƙwai a ƙarƙashin gado ta yi ƙaura zuwa gindin rumbu, ko mece ce ta kore ta oho. Na yi dariyar maganar kazar, randa kuwa na sayo sabuwa na kawo. Ƙanwarta ta taɓa tare ni a zaure ta ce yayarta tana yawan ciwon kai da jiri, ko za a kafa mata rumfa. Na ce azumi ne, kowa ma haka yake ji, kuma in aka ga tsohuwa a rumfa ga sabon ɗaki a tsaye me mutane za su ce. Ashe wannan maganar tawa ta koma kunnen mahaifiyata, daga ranar ba ta ƙara yarda ta wuni a waje ba.

Ranar da abin ya faru mota ta lalace mini a Gashuwa, ina tasha muna fama da ita bayan azahar, aka aiko in zo gida maza. Na tarar an fito da ita gindin tsamiya an kwantar a tabarma. Jikinta zafi rau, amma babu ɗigon gumi ko ɗaya, fatar ta bushe ƙamas. Tana magana ba kai ba gindi. Da na matso sai ta dube ni cikin ido ta kira sunana, sau biyu, a gaban mutane. Matan da ke wurin suka fara salati, don sun gane ba a hayyacinta take ba. Shi ne karo na farko da na ji sunana a bakinta, ban kuma ƙara ji ba.

Aka yi ta zuba mata ruwa ana fifita. Malamin asibitin da aka kira ya duba ta, ya leƙa ɗakin, ya fito yana share fuska. Ya ce zafi ne ya dafa ta a hankali. Ya bayyana mana cewa tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, kuma in mutum yana cikin zafi gumi ya ɗauke masa, to abin ya kai inda ya kai. Ya tambayi tun yaushe take wuni a ciki, ƙanwarta ta ba shi amsa. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Tana da likkafani da ta ajiye tun da daɗewa a cikin adakarta, aka ce in shiga in ɗauko. Rana ta take a lokacin. Ina sa kai na ji kamar an rufa mini bargo a fuska. Marfin adakar ya ƙona mini hannu, sai da na sa gefen riga. Kafin in gama lalubo ƙyallen gumi ya jiƙe ni sharkaf, idona yana ganin duhu-duhu, na fito ina haki. Ni da nake da ƙarfina ban iya zaman da ya kai na alwala ba, ita kuwa a nan take wuni da bakin azumi. A zaman makoki mutane suka yi ta nuna rufin suna cewa ta yi sa'ar ɗa, ta ji daɗinsa kafin ta tafi. Na riƙa amsawa da amin.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma na san wanda ya hana a fasa taga. Abin yana damuna har yau da na tsufa, shi ya sa na rubuto. Yanzu kwano ya cika gari, kowa yana rufa wa iyayensa, ba laifi ba ne. Sai dai a ɗaga bango, a bar wa iska hanya, kada a taɓa itacen da ke ba da inuwa. In tsoho ya fara ciwon kai da jiri a bazara, ko ya daina gumi, ko maganarsa ta fara rikicewa, a fito da shi inuwa a jiƙa masa jiki a ba shi ruwa, ko da azumi ne. Kuma kada ku jira iyayenku su ce abin da kuka yi musu yana cutar da su, yawancinsu ba za su faɗa ba. Ku shiga ɗakinsu da tsakar rana ku zauna, jikinku zai gaya muku. Ni sau ɗaya na shiga nata a irin wannan lokaci, kuma likkafaninta na je ɗaukowa.