Tagar da Aka Auna da Kafaɗata

Ranar Juma'a, talatin ga watan Yuni na 1989, da hantsi, ina zaune a kan bulon ƙasa a cikin wani ɗaki marar rufi a ƙarshen unguwarmu a Umbadda, a gefen birnin Khartum. Shekarata goma. Kawu Idrisa, yayan mahaifiyata, ya ɗora mini guntun katako a cinya, ya ce in sunkuya kamar mai karatu, kada in motsa. Ya tsugunna a gefena yana duban inda rana take faɗowa, sannan ya ja layi da gawayi a jikin bango daidai kafaɗata, ya auna tsayin da wani siririn rodi, ya yi wa rodin alama. "Nan gindin taga zai zauna," in ji shi. "Ba don malami ake fasa taga ba, don yaro ake yi." Bai gama kakkaɓe gawayin hannunsa ba sai muka ga mutane sun taru a kan rediyon mai shayi na bakin hanya. Kiɗan soja ake yi, ba magana. Kawu ya daɗe a tsaye yana saurare, sannan ya miƙo mini rodin ya ce in kai gida.

Ɗakin nan shi ne zai zama makarantarmu. Unguwarmu ba ta da ko aji ɗaya. Makarantar da ta fi kusa tana da nisa, ta cika maƙil, kuma sai da takardar haihuwa ake shiga, alhali yawancinmu a kan tabarma aka haife mu, ba wanda ya rubuta. Saboda haka safiyarmu ta bin amalanken jaki ce mai sayar da ruwa, mu riƙe masa tiyo ya cika mana randa. Daga nan mu kai wa uwayenmu itace su toya kisra, wato siririyar wainar dawa, mu zagaya da farantin soyayyar gyaɗa a tashar mota, da yamma mu buga ƙwallon tsumma har ƙafa ta fashe. Da Kawu ya kawo maganar makaranta, gayya aka yi, wadda maƙwabtanmu Larabawa suke kira nafir. Maza suka haƙa ƙasa, mata suka kawo ruwa da kunu, mu yara muka tattaka laka da ƙafa muna waƙa. Ofishin ilimi ya ce ranar da aka yi rufi za a turo malami. Kawu ya samo alkawarin kwano da azara, ana sa ran su iso kafin ruwan damina ya sauka.

Kawu Idrisa shi ne ɗan majalisarmu, unguwarmu ce ta zaɓe shi shekara uku kafin wannan rana. A kambo aka haife shi, wato sansanin 'yan ƙodago na gonakin Jazira, inda kakana ya ƙare rayuwarsa yana tsinkar audugar da ba tasa ba. Mahaifiyata ta ce tun yana ƙarami yatsunsa suka saba da ƙayar auduga. Da ya fara tasawa ya hau bayan motar kaya ya gudo Khartum, ya shiga Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, yana share gareji, daga nan ya koyi walda har aka fara ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Karatu kuwa da gemunsa ya koya, a ajin yamma na ƙungiyar ma'aikata. Bakinsa ne ya kai shi majalisa, domin duk lokacin da mai gareji ya kori lebura ba dalili, Kawu ake turawa. Ko da ya zama Na'ib, kamar yadda ake kiran ɗan majalisa, a bas yake zuwa zama, da farar jallabiya da rawani da tabon wuta a bayan hannu. Matan unguwa sukan tsokane shi, "Na'ib, ina motarka?" Shi kuma ya ce, "Tana Mantiƙa, ban gama ƙera ta ba."

A ranar Juma'ar nan soja suka ƙwace mulki, aka rushe majalisa. Bayan 'yan kwanaki wasu mutane cikin farin kaya suka zo da mota, suka ce yana da 'yar magana da zai amsa. Ya sa takalminsa ya bi su. Kwano bai zo ba, ruwa ne ya zo. Shekara guda kafin nan ambaliya ta cinye rabin gidajen unguwa, don haka kowa ya koma lallaɓar nasa bango. Mu yara muka kwaso buhuna da tsofaffin tabarmi muka lulluɓe kan bangon makaranta, muka danne da duwatsu, iska ta kwashe. Kullum bayan ruwa sai in je in duba layin gawayin nan. Da farko ya dishe, sannan bangon ya tsage ta samansa, wata safiya na tarar da gefen gaba ɗaya ya zauna ya zama tudun laka, awaki suna hawa. Ban yi kuka a wurin ba. Sai da na dawo gida na ga rodin a jingine bayan randa.

Bayan watanni aka sako Kawu. Ya rame, kunnensa na hagu ya daina ji, kuma bai taɓa gaya wa kowa abin da ya faru da shi ba. Garejinsa na Mantiƙa ya tafi, sai ya kafa 'yar rumfar walda a bakin kasuwar unguwa. A lokacin burodi sai an yi layi, sukari sai da kati, mahaifina kuma ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Mahaifiyata ta kama hannuna ta kai ni rumfar, ta ce, "Yaya, ga Yakuba, tunda boko ya ƙi." Kawu ya juyo da kunnensa mai ji, ya ce, "Bai ƙi ba, ya yi jinkiri ne." Aikin farko da na riƙe masa ƙarfe ya yi shi ne tagogi huɗu na makarantar da babu ita. Ya shafa musu koren fenti, ya ɗaure rodin nan a jikinsu da waya. Kowace safiya ni nake fito da su in jingine a waje don a sami wurin aiki, da yamma in mayar. An sha tayawa, sai ya ce, "Suna da mai su."

Bayan shi mun yi wasu 'yan majalisa. Wanda soja suka naɗa mana tsohon hafsa ne, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba sai a talabijin ɗin kulob na unguwa. Da aka dawo da zaɓe sai aka tsayar da Ustaz Muntari, ɗan mai injin niƙa, wanda kakansa ya tsinki auduga a layi ɗaya da kakana. Shi ya yi sa'a, ya yi karatu har jami'a, ya zauna da ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar, ya yi aiki a ofishin zakka, sannan ya shiga siyasa. Ya zo rumfarmu neman albarka da mota da mutane a bayansa. Kawu ya yi masa magana da Hausa, ya amsa da Larabci. Kawu bai nemi komai don kansa ba, tagogin ya nuna masa. Ustaz ya shafa ɗaya, ya duba yatsansa, ya ce in Allah ya so babu matsala. Ba zan zalunce shi ba, a zamaninsa aka jawo mana famfo. Amma filin makaranta an yanka shi shaguna, shi kuma ya ci gaba da hawa, daga wannan kwamiti zuwa wancan kamfani, har ya ƙaura ƙetaren kogi. Ranar da aka fara haƙa harsashin shagunan, Kawu bai kunna injin walda ba. Ya zauna a kan benci yana shan shayi ba sukari, can ya ce, "Yakuba, na yi maka alkawari da bakin gwamnati, ashe aron bakin aka ba ni."

Ya rasu ina da aure da ɗa ɗaya. Magada suka sayar da tagogi uku a kilo, na roƙi ta huɗun aka bar mini. Da na samu na gina ɗakina, na miƙa wa magini rodin na ce iya nan gindin taga zai tsaya. Ya dube ni ya ce, "Usta, taga ce ko ƙofar kaji?" Na ce ya sa kawai.

Yanzu Umbadda ta cika da makarantu, na gwamnati da na kuɗi, yara suna wucewa ta gaban rumfata da jakunkuna, ba wanda ya san an taɓa tattaka laka da waƙa a inda shagunan nan suke. Hotunan 'yan takara suna hawa bango suna sauka, da jerin digirori a ƙarƙashin sunayensu, ban ƙara ganin mai tabon wuta a hannu ba. Ni kuma na shiga ajin manya na yaƙi da jahilci, furfura ta fara fito mini, kamar yadda Kawu ya yi. Ranar Juma'a da hantsi nakan shimfiɗa tabarma a gindin koriyar tagar nan, in sunkuya sosai, in ɗora littafi a cinya. Hasken yana faɗowa daidai inda Kawu ya auna, yaron ne ya makara.